Fitilar Motarka Ta Yi Hazo? Ga Dalili, Ga Kuma Gyaran Da Ke Ɗorewa

Waɗanda data ba ta bari sun saurari sautin ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba kawo muku.

Yau maganar mota za mu yi, kuma a kan wani ɗan ƙaramin abu ne da ba a cika tunawa da shi ba sai dare ya yi, wato murfin fitilar gaba. Gobe da safe ku ɗan duba motocin layinku, Corolla ce, Camry ce, Honda ce, ko motocin haya na tasha. Za ku ga da yawansu fitilun sun koma ruwan ɗorawa, sun yi dishi-dishi kamar idon da yana ta rufe. Wasu kuma saman ne yake ɓarewa, wani waje fes, wani waje kamar an zuba masa koko ya bushe.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan maganar kwalliya ce kawai. A'a, maganar rai ce. Abin da nake so kowa ya riƙe daga shirin yau shi ne: goge fitila ta yi ƙyalli rabin aiki ne. Idan ba a mayar mata da rigar da ke kare ta daga rana ba, bayan 'yan watanni za ta koma gidan jiya, wani lokacin ma ta fi da lalacewa.

ME YA SA ABIN YA KAI A DAMU?

A shekarar 2018, ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada fitilun da suka yi irin wannan hazon ta kwatanta su da sababbi. Sai ta gano cewa fitilar da ta lalace tana ba da kusan kashi 22 cikin 100 ne kacal na hasken sabuwa. Wato kusan kashi huɗu cikin biyar na haskenka ya tafi, ƙwan fitilarka kuwa lafiyarsa ƙalau.

To mu yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa ɗaya. Idan ka hango abu a gabanka, kafin ƙwaƙwalwa ta gane mene ne har ƙafa ta kai kan birki, a ce daƙiƙa ɗaya da rabi. Ka riga ka ci mita 42 ke nan ba ka ma fara tsayawa ba. Yanzu ka tuna abin da ke kan hanyoyinmu da dare: tirelar da ta lalace aka bar ta babu alama sai ganye, garken shanu na tsallakawa, mai babur ba fitilar baya, rami, ko yaro ya fito daga lungu da gudu. Duk mitar da fitilarka ta rage maka, daga cikin lokacin tsayawarka ta cire.

Akwai kuma cuta ta biyu. Murfin da ya yi hazo ba rage haske kaɗai yake yi ba, warwatsa shi yake yi. Hasken da ya kamata ya sauka a kan kwalta sai ya watsu sama da gefe, ya shiga idon direban da ke tahowa. Kai ba ka gani sosai, shi ma ka kashe masa ido.

WANNAN MURFIN BA GILASHI BA NE

Muna ce masa gilashin fitila, amma a yawancin motocin yanzu roba ce. Iyayenmu da suka tuƙa Fijo 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ko tsofaffin Marsandi, ba su san wannan matsalar ba, saboda fitilunsu gilashi ne na gaske. Dutse na iya fasa shi, amma rana ba ta canza masa launi.

Robar da ake amfani da ita yanzu sunanta polikabonet, irin wadda ake yin faifan CD da ita. A 1953 aka gano ta, Hermann Schnell a kamfanin Bayer na Jamus, da Daniel Fox a kamfanin General Electric na Amurka, kowa a nasa ɓangaren. Lincoln Mark VII ta 1984 tana cikin motocin farko da suka fito da irin wannan fitilar a Amurka, daga baya sauran kamfanoni suka bi sahu. Dalilinsu a fili yake: ba ta da nauyi, ba ta fashewa da sauƙi, kuma ana iya lanƙwasa ta a kowane irin fasali.

Sai dai tana da rauni biyu. Tana saurin ƙarcewa, kuma ba ta jituwa da wani ɓangare na hasken rana wanda ido ba ya gani, shi ne za ku ga ana rubuta UV a jikin kwalaben man shafawa da tabarau. Wannan hasken yana karya ƙwayoyin robar a hankali har ta koma rawaya. Shi ya sa tun daga masana'anta ake lulluɓe ta da wani siririn shafi mai tauri, marar launi. Shi nake kira rigar fitila.

Rigar nan ba ta dawwama. Rana tana cin ta daga waje, zafin ƙwai yana gasa ta daga ciki, yashi da tsakuwa suna bugun ta a kan hanya. Idan ta fara mutuwa sai ta yi hazo, daga nan ta fara ɓarewa, rana ta samu robar tsirara.

A wajenmu abin ya fi sauri. Yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne, sun riga sun sha shekaru a wata ƙasa kafin su iso. Ga rana mai ƙarfi kusan duk shekara, ga mota tana wuni a fili babu rumfa. Sannan ga ƙurar hunturu. Ka ga yadda ake ɗaukar busasshen tsumma da safe a goge ƙurar da ta kwanta a kan fitila? Wannan ƙurar yashi ne mai laushi, duk gogewa ɗaya kamar an bi ta da samfefa ne.

KAFIN KA TAƁA, GANO CIWON

Ba kowace fitila ce gogewa ke yi wa magani ba. Ka wanke ta, ka watsa mata ruwa, ka duba. Idan tana jiƙe ta yi garau, da ta bushe hazon ya dawo, to matsalar a waje take, kuma tana gyaruwa. Ka bi ta da farce: idan ka ji kaushi ko gefen wani abu da ke ɓarewa, tsohuwar rigar ce.

Idan kuwa ka ga raɓa ko ɗigon ruwa daga ciki, wannan wani ciwon ne daban. Ko dai ɗankon da ya haɗa murfin da jikin fitilar ya saki, ko murfin bayan ƙwai bai rufu ba, ko 'yan ƙofofin shan iskarta sun toshe. Ko shekara za ka yi kana goge waje ba abin da zai canza.

Idan ka kunna fitila ka ga 'yan tsage-tsage sirara cikin naman robar kamar saƙar gizo-gizo, waɗannan sun yi zurfi, samfefa ba za ta kai gare su ba. Haka nan idan farantin da ke bayan ƙwai, mai ƙyalli kamar madubi, ya ƙone ko ya dushe. A nan sai dai canji. Ka nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka duba wadda za ka saya da rana tsaka, ciki da waje.

DABARUN INTANET

Na san kun ga bidiyoyin. Wani ya shafa makilin, wani WD-40, wani man birki, wani maganin sauro, fitila ta yi wal cikin minti biyu. Mu bi su ɗaya-ɗaya.

Man goge baki yana da ɗan kaushi, don haka yana iya rage hazo marar yawa. Amma bai isa ya cire rigar da ke ɓarewa ba, kuma ba ya barin wata kariya. WD-40 da sauran mayuka cike ƙarcen kawai suke yi, kamar yadda ruwa ya yi a gwajinmu na ɗazu. Wanki ɗaya ko biyu, an koma inda aka fito.

Man birki, fetur, tina, da ruwan goge jan farce, waɗannan ka nisanta su da fitilarka. Suna cin polikabonet, suna iya sa ta tsattsage. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET narkar da saman robar yake yi, shi ne ƙyallin da kake gani, kuma idan ya zuba a jikin fenti zai ɓata shi.

Akwai kuma wani kofi mai kama da butar shayi da ake zuba wani ruwa a ciki, a jona wuta, a bi fitila da tururinsa. Yana ba da sheƙi sosai, domin shi ma narkar da fatar sama yake yi ta kwanta sumul. Amma tururin yana da illa ga mai shaƙarsa, kuma narkar da roba ba ya nufin an mayar mata da riga.

GYARAN GASKIYA, MATAKI-MATAKI

Kayan aikin ba su da yawa: samfefa ta ruwa, irin ta masu fentin mota, lamba 600 ko 800, da 1000, 1500, 2000, in an samu har 3000. Lambar tana rubuce a bayan takardar, kuma iya girman lamba iya laushinta. Sai tef na takarda irin na masu fenti, gorar fesa ruwa, tsumma mai laushi mai tsabta, sifirit na kemis, man goge fenti, da uwa uba abin da za ka rufe fitilar da shi a ƙarshe. Idan ba ka samu wannan na ƙarshen ba, kada ma ka fara.

Na farko, ka ajiye motar a inuwa, fitila a kashe ta huce. Ka wanke ta da sabulu da ruwa, ka busar.

Na biyu, ka zagaye fitilar da tef, ninki biyu ko uku, ka rufe bamba da bonet da gefen mota. Samfefa ta taɓa fenti sau ɗaya, ka jawo wa kanka wani aikin.

Na uku, ka jiƙa samfefar a ruwa na 'yan mintuna. Idan rigar tana ɓarewa, fara da 600 ko 800. Idan hazo ne marar yawa, 1000 ta isa. Ka riƙa gogawa a miƙe, daga hagu zuwa dama, kana fesa ruwa ba ƙaƙƙautawa. Kada ka danna da ƙarfi, kada ka tsaya waje ɗaya. Ruwan da ke gangarowa zai fara fita rawaya-rawaya, wannan matacciyar fatar ce. Idan ya koma fari kamar madara, ka isa lafiyayyar roba.

A nan ne gaban mutane ke faɗuwa, saboda fitilar za ta yi fari fat, ta fi yadda take a da muni. Kada ka tsorata, haka ake so. Ka share ta ka duba: farin ya zama bai ɗaya ko'ina. Duk inda ka ga wani tsibiri mai sheƙi ko mai gefe, tsohuwar riga ce ta rage, ka koma kansa. Wannan matakin shi ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne ginshiƙin aikin.

Na huɗu, ka hau lamba ta gaba, amma ka canza hanya. In ka yi ta farko a kwance, ta biyu ka yi ta daga sama zuwa ƙasa. Amfanin haka, za ka gane da idonka lokacin da layukan lambar baya suka ɓace. Kada ka yi tsalle daga 600 zuwa 2000 don sauri, ƙarcen 600 zai zauna nan daram.

Daga nan hanya ta rabu biyu, ya danganta da rigar da za ka sa.

Hanya ta farko ita ce fenti marar launi, wanda masu fentin mota ke fesawa a ƙarshe don mota ta yi sheƙi. Mai ƙarfinsa shi ne wanda ake haɗawa da sinadarin da ke sa shi tauri, za ka ga an rubuta 2K a gwangwanin. In wannan za ka yi, ka tsaya a lamba 800 ko 1000, kuma kada ka shafa man gogewa. Fenti yana buƙatar ɗan kaushi da zai kama, shi da kansa zai cike ƙarcen fitilar ta yi garau. A goge da sifirit, a bari ta bushe, a rufe gaban motar da takarda, a fesa shafin farko sama-sama, a ɗan jira, sannan a bi da na biyu. Idan aka labta shi da yawa lokaci guda zai zuba, kuma yana iya tsattsaga robar. Wannan ita ce hanyar da ta fi ɗorewa, tana kai shekaru idan an yi ta daidai.

Amma ku ji wannan da kyau: fentin 2K yana da sinadarin da ke lalata huhu. Takunkumin kyalle irin na zamanin korona ba ya tare shi. In ba ka da abin rufe hanci na masu fenti, ka yi aikin samfefar da kanka, feshin ka kai wa mai fenti.

Hanya ta biyu ita ce ruwan kariya na shafawa, wanda ke zuwa cikin kwalin gyaran fitila. Kamfanoni irin su 3M, Sylvania, Meguiar's da Cerakote duk suna yin irinsa. A nan za ka ci gaba da samfefa har 2000 ko 3000, ka bi umarnin da ke jikin kwalin, domin wasu suna so a goge da mai kafin a shafa, wasu ba sa so. Ka tabbata an rubuta cewa yana kare UV. Ya fi sauƙi kuma ya fi aminci ga mai yi a gida, sai dai bai kai fenti daɗewa ba, za ka riƙa sabunta shi.

Akwai kuma wata leda mai kauri marar launi da ake mannawa bayan an goge fitila ta yi sumul. Tana tare rana da tsakuwa, amma manna ta a fitila mai lanƙwasa sai wanda hannunsa ya saba. Shi kuwa man sheƙin mota da ake shafawa bayan wanki, kariyarsa ta 'yan makonni ce.

Kowace ka zaɓa, ƙura ce babbar abokiyar gaba. Kada ka yi shafin ƙarshe a fili ranar da iska ke kaɗawa. Ka nemi rumfa, ka yayyafa ruwa a ƙasa, sannan ka bar motar aƙalla kwana ɗaya ba wanki, ba ruwan sama.

ABIN DA GYARA BA ZAI BA KA BA

A wancan gwajin na AAA, fitilun da aka gyara sun dawo da kusan kashi 70 cikin 100 na hasken sabuwa. Sabuwar fitila ta ainihin kamfanin motar ce kaɗai ta ba da cikakken haske. Don haka kada wani ya ce maka zai mayar maka da ita sabuwa dal. Amma daga 22 zuwa 70, an ninka hasken fiye da sau uku, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Wani kuskuren da ake yawan yi: fitila ta dushe, sai a je a sa ƙwai mai ƙarfi. Ƙwan H4 na yau da kullum wat 60 da 55 ne, H7 kuma wat 55. Sai ka ga an cusa mai wat 100. Zafinsa yana iya ƙona farantin ciki, ya narkar da soket, ya gasa waya. Wasu kuma su sa farin LED a bayan murfi mai hazo, hasken ya watsu ya hana kowa gani a hanya. A gyara murfin tukuna, sannan a ga ko ƙwan yana da laifi.

Bayan gyara, a duba saitin fitilar. Ka tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen waje, mita 10 daga bango, ka kunna ƙaramar fitila. Ka auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa. Layin saman hasken a bango ya kamata ya sauka ƙasa da wannan tsayin da kamar santimita 10. Fitilu da yawa ma an rubuta 1.0% ko 1.2% a jikinsu, ma'anarsa ke nan. Akwai kusoshin saiti a bayan fitilar.

Daga nan sai kiyayewa, kuma rigakafi ya fi magani. Ka nemi inuwa in da hali, in babu ka juya gaban motar ya ba rana baya. Kada a goge ƙura a bushe, a fara watsa ruwa. Wannan ya shafi masu Keke Napep da babura ma, domin galibin fitilunsu roba ne.

GA MASU SON MAYAR DA SHI SANA'A

'Yan uwana masu wankin mota da masu neman abin yi, wannan aiki ne da ba ya cin jari mai yawa, kuma masu buƙatarsa suna ko'ina. Ka samo tsohuwar fitila a wajen masu gwangwan ka koya a kanta kafin ka taɓa motar mutane. Kuma ka riƙa faɗa wa mai mota gaskiya: wannan gogewa ce kawai, wannan kuma da riga, ga bambancin kuɗinsu, ga bambancin daɗewarsu. In fitilarsa ta wuce gyara, ka ce masa ta wuce.

Kai kuma mai mota, ko ke mai mota, duk wanda ya ce zai gyara miki fitila, tambaya ɗaya za ki yi masa kafin ya ɗauko samfefa: bayan ka goge, da me za ka rufe ta? In ya ce ai ba sai an rufe ba, ki ja motarki ki yi gaba.

A nan za mu dakata a yau. Ku tura wa direban gidanku, da ɗan'uwanku mai yawan tafiyar dare. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.